Yau Ko Gobe: Tarihin Zaɓin Amurka a Kasuwar Hannun Jari

Ranar Alhamis, 26 ga Afrilu, 1973, wasu dillalai suka hallara a wani ɗaki da ke cikin ginin kasuwar hatsi ta birnin Shikago a Amurka. Da can ɗakin na hutawa ne, inda 'yan kasuwa kan zauna su sha taba. Aka gyara shi, aka kafa allunan farashi, aka buɗe sabuwar kasuwa mai suna CBOE. Babu buhun masara ko na alkama a gaban kowa, kuma ko hannun jarin ma ba shi ne hajar ba. Abin da ake ciniki a kansa haƙƙi ne. Mutum zai biya ɗan kuɗi yau, a ba shi ikon sayen hannun jari 100 na wani kamfani a kan farashin da aka tsayar, daga yau har zuwa wata rana da aka ɗiba. In ya ga da riba ya saya, in bai gani ba ya ƙyale, kuɗin da ya biya kuwa sun tafi ke nan. A wannan yini an ƙulla irin wannan yarjejeniya 911, a kan kamfanoni 16.

A cikin kowace takarda akwai wani sharaɗi da ba kowa ya tsaya ya duba ba: mai haƙƙin ba sai ya jira ranar cikar wa'adi ba. Duk ranar da kasuwa ke ci, yana iya cewa a ba shi kayansa. Wannan shi ake kira zaɓin Amurka. Ɗan'uwansa, zaɓin Turai, ba a zartar da shi sai ranar ƙarshe kaɗai. A ido bambancin ƙarami ne, amma shi ya haifi tambayar da ta sha kan dillalai da manyan masana lissafi shekara da shekaru: idan an bar maka ƙofa a buɗe kullum, wace rana ce ta fi dacewa ka fita?

Daga matatsar zaitun zuwa Amsterdam

Labarin da aka fi farawa da shi na Talis ne, masanin garin Militus, wanda kufansa ke gaɓar tekun ƙasar Turkiyya ta yau. Ya rayu kusan shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma Aristotil ne ya adana mana labarinsa. Mutane sun yi ta yi masa gorin talauci, suna cewa iliminsa bai tsinana masa komai ba. Shi kuwa ya duba taurari ya hango cewa zaitun zai yi kyau a shekarar. Tun cikin hunturu, lokacin da babu mai neman matatsar mai, ya bi masu matatsun Militus da na tsibirin Kiyos yana ajiye musu ɗan kafin alƙalami. Da kaka ta yi, zaitun ya yi albarka, kowa na neman inda zai tatsa, sai ga matatsun duk a hannun Talis. Ya bayar da su haya yadda ya ga dama.

A nan ake ganin ƙashin bayan wannan ciniki: ƙaramin kuɗi yau, domin a riƙe maka dama zuwa gobe. Sai dai Talis bai sha wahalar zaɓen rana ba. Itacen zaitun ne ya yanke masa lokaci.

Hannun jari irin wanda muka sani ya samo asali a Holan, bayan kafa Kamfanin Gabashin Indiya na ƙasar a 1602. Kafin ƙarnin ya ƙare, 'yan kasuwar Amsterdam sun ƙware a cinikin haƙƙi iri biyu. Akwai haƙƙin saye, wanda mai tsammanin tashin farashi ke nema. Akwai haƙƙin sayarwa, wanda mai tsoron faɗuwa ke riƙewa, domin ya tilasta wa wani ya karɓi hannun jarinsa a kan tsohon farashi komai lalacewar kasuwa. A 1688 wani ɗan kasuwa Bayahude mai suna Joseph de la Vega ya wallafa littafi da harshen Sifaniyanci, wanda sunansa ke nufin ruɗanin ruɗani, ya bayyana yadda ake wannan ciniki dalla-dalla. Shi ne littafi mafi daɗewa da aka sani a kan kasuwar hannun jari.

Daga Holan abin ya haye Landan, ya kuwa yi baƙin jini. Bayan rushewar hannun jarin Kamfanin Tekun Kudu a 1720, wanda ya talauta gidaje da dama, jama'a suka ɗora laifin a kan 'yan cinikin iska. A 1734 majalisar Birtaniya ta zartar da dokar da ake jingina wa Sir John Barnard, ta haramta irin wannan ciniki. Dillalai suka ci gaba da yi a bisa amana tsakaninsu, ba tare da kotu za ta tsaya wa kowa ba, har aka soke dokar a 1860. A wancan zamani, a Landan da Faris, kasuwa na da ranakun lissafi sanannu, kuma a ranar da aka tsayar ne mai haƙƙi ke faɗin ko ya ɗauka ko ya fasa. Kowa ya san ranarsa.

Niyok ta buɗe ƙofa

A Niyok al'adar ta sha bamban. Takardun da ake sayarwa a titin Wall a ƙarni na 19 kan ba mai riƙe da su damar kawo su duk ranar da ya so kafin wa'adi. Wanda sunansa ya fi fita a wannan sana'a shi ne Russell Sage, attajirin jiragen ƙasa da ba da rance, wanda ya rasu a 1906. Daga shekarun 1870 ya mayar da sayar da haƙƙoƙin nan babbar sana'a, har ake masa kirari da uban wannan ciniki. Darajar takarda a lokacin tana ga sa hannun da ke jikinta. In na Sage ne, kowa ya san za a biya.

Rikicin kuɗi na 1884, wanda ya biyo bayan durƙushewar kamfanin Grant da Ward, ya nuna ɗaya fuskar wannan 'yanci. Farashi ya rikito, masu riƙe da haƙƙin sayarwa suka yi wa ofishin Sage tsinke da takardunsu, kowa na neman a karɓi kayansa a kan tsohon farashi nan take. Ya yi asarar miliyoyin daloli. Damar da mai saye ke mora, a wuyan mai sayarwa take rataye: ba ya da ranar da zai shirya mata, domin kowace rana na iya zama ranar.

A shekarun 1920 wasu gungun 'yan kasuwa suka riƙa ba dillalai irin wannan haƙƙi a matsayin toshiyar baki, domin su zuga jama'a su sayi wani hannun jari har farashinsa ya kumbura. Bayan faɗuwar kasuwa ta 1929 da binciken da majalisar dattawan Amurka ta yi, saura ƙiris a haramta cinikin baki ɗaya. Dillalansa suka kare kansu da cewa abin kamar inshora ne: wanda ya biya inshorar gobara gidansa bai ƙone ba, ba a ce ya yi asara. Dokar 1934 ta bar cinikin, amma ta sa shi ƙarƙashin sabuwar hukumar kula da kasuwar hannun jari, wato SEC. Daga nan har kusan shekara 40 ya zauna ƙaramar sana'a ta 'yan dillalai kaɗan, masu tallata farashinsu a jarida, suna haɗa mai saye da mai sayarwa ta wayar tarho. Kowace takarda da nata sharaɗin, kuma wanda ya saya da wuya ya sami wanda zai sayar wa. Ga irin wannan mutum, sau da yawa hanyar kwasar riba ita ce ya zartar da haƙƙinsa.

Masana sun shigo

Tun a 1900 wani ɗalibi a Faris, Louis Bachelier, ya rubuta kundin digirinsa a kan yadda za a lissafa darajar irin wannan haƙƙi, yana ɗaukar motsin farashi a matsayin tafiyar da babu mai iya hasashen takunta na gaba. Masana tattalin arziki ba su waiwayi aikin ba sai a shekarun 1950, lokacin da ya faɗo hannun Paul Samuelson na jami'ar MIT.

A 1965 Samuelson ya wallafa maƙala a kan wannan batu, kuma a cikinta ne sunayen nan biyu suka fito. Ana ba da labari cewa wani ɗan kasuwar titin Wall ya taɓa ce masa nau'i mai wuyar ya fi ƙarfin kwanyar Ba'amurke, sai ta Bature ɗan Turai, shi kuwa ya laƙaba wa nau'i mai sauƙi sunan Turai, mai wuyar kuma sunan Amurka. Sunayen ba sa nuna inda ake cinikin. A yau ana sayar da zaɓin Turai a Shikago, ana sayar da na Amurka a kasuwannin Turai. Daga baya ma aka sami na tsakiya, wanda ake zartarwa a wasu ranaku ƙididdigaggu, aka sa masa sunan tsibirin Bamuda da ke cikin tekun da ya raba nahiyoyin biyu.

A ƙarshen maƙalar Samuelson akwai rataye da masanin lissafi Henry McKean ya rubuta. Shi ya fito da ainihin wuyar lamarin. A kowace rana akwai wani farashi wanda in hannun jari ya kai shi, zartarwa ta fi jira. Wannan iyaka ba a tsaye take ba, tana matsawa yayin da wa'adi ke ƙaratowa, kamar iyakar ƙanƙara da ruwa lokacin da ƙanƙarar ke narkewa. Ba za ka san darajar haƙƙin ba sai ka san iyakar, kuma ba za ka san iyakar ba sai ka san darajar. McKean ya warware matsalar ga haƙƙin da ba ya da wa'adi ko kaɗan. Ga mai wa'adi kuwa, ƙulli ya ƙi kwancewa.

Shekarar 1973

A ƙarshen shekarun 1960 cinikin hatsi ya yi sanyi a Shikago, saboda rarar da gwamnati ta tara ta hana farashi motsi. Shugabannin kasuwar, wadda aka kafa tun 1848, suka shiga neman sabuwar haja, kuma wannan nema ne ya kai su ɗakin shan tabar nan. Sun gyara abubuwa biyu da suka daɗe suna dabaibaye cinikin. Na farko, suka daidaita takardu: adadi ɗaya, ranakun wa'adi sanannu, farashi a bisa matakai. Na biyu, suka kafa gidan lamuni da ke shiga tsakani, ya zama mai saye ga duk mai sayarwa, mai sayarwa ga duk mai saye. Wannan gida ne ya zama OCC a 1975. Ba a ƙara tambayar sa hannun wa ke jikin takarda ba. Mafi muhimmanci, mai haƙƙi ya sami hanya ta uku. Ban da zartarwa da fasawa, yanzu yana iya sayar da haƙƙin nasa ga wani cikin minti ɗaya.

Cikin watannin nan ne kuma Fischer Black da Myron Scholes suka wallafa shahararren lissafinsu na kimanta zaɓi. Amma lissafin na zaɓin Turai ne, alhali abin da ake sayarwa a Shikago na Amurka ne. Robert Merton, ɗalibin Samuelson, shi ya cike giɓin a wata maƙala ta wannan shekarar. Ya tabbatar da cewa idan kamfani ba zai raba riba kafin wa'adi ba, babu ranar da zartar da haƙƙin saye da wuri zai fi riƙe shi ko sayar da shi.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. A ce kana da haƙƙin sayen hannun jari a kan dala 100, saura wata uku, farashi kuma ya kai dala 110. In ka zartar yau, ribarka dala 10 ce. Amma a kasuwa za ka tarar haƙƙin ya fi haka, a ce dala 13. Wannan ƙarin dala 3 kuɗin lokaci ne, kuma yana da tushe biyu. Muddin ba ka zartar ba, dala 100 ɗinka na aljihunka tana maka wani aikin. Sannan in farashi ya rikito zuwa dala 80, kana iya kaɗe rigarka ka tafi, wanda ya riga ya saya kuwa ya shiga ciki. Ranar da ka zartar, ka zubar da duka biyun. A takarda ɗaya mai hannun jari 100, dala 300 ke nan ka bar wa wanda ya sayar maka. Sauri ya haifi nawa. In kuɗi kake so yau, sayar da haƙƙin ka karɓi 13.

Inda jira ke zama asara

Hukuncin Merton yana da iyaka, kuma a bakin iyakar ne zaɓin Amurka ke nuna amfaninsa. Wuri na farko shi ne rabon riba. Kamfani na ba masu hannun jari ne rabonsu, mai riƙe da haƙƙi kawai ba ya samun ko sisi, kuma da zarar ranar rabon ta wuce farashi kan sauka da kimanin abin da aka raba. In gobe za a rufe rajistar rabon dala 2, kuɗin lokacin da ya rage a haƙƙinka kuma bai fi rabin dala ba, to yau ce ranar zartarwa. Shi ya sa yawancin zartar da haƙƙin saye da wuri ke faruwa a jajibirin wannan rana.

Wuri na biyu shi ne haƙƙin sayarwa, wanda CBOE ta fara cinikinsa a 1977 a kan kamfanoni biyar. A ce kana da ikon sayarwa a kan dala 100, saura shekara guda, kamfanin kuma ya durƙushe har hannun jarinsa ya koma dala 2. Iyakar abin da jira zai ƙara maka dala 2 ce, domin farashi ba ya sauka ƙasa da sifili. Amma dala 100 a hannu yau, a kasuwar da ke ba da kashi 5 cikin ɗari, za ta haifi dala 5 kafin shekara. A nan mai jira shi ne mai asara. Mai zaɓin Turai dole ya zauna yana kallo, mai na Amurka kuwa sai ya karɓi kuɗinsa. Saboda haka zaɓin Amurka ba ya taɓa kasa na Turai daraja: duk abin da wancan zai yi wannan ma zai yi, da ƙari.

To, a wane farashi daidai jira ke komawa asara? Tambayar McKean ce ta dawo. A 1977 Michael Brennan da Eduardo Schwartz suka nuna yadda kwamfuta za ta kusanci amsar. A 1979 John Cox da Stephen Ross da Mark Rubinstein suka fito da hanyar da har yau ake koya wa ɗalibai. Za a raba wa'adi zuwa ƙananan matakai, a ɗauka cewa a kowane mataki farashi zai hau kaɗan ko ya sauka kaɗan, har zane ya yi rassa kamar bishiya. Sai a fara daga ranar ƙarshe, inda darajar kowane reshe a bayyane take, a riƙa dawowa baya. A kowace mararraba a auna abu biyu, abin da za a samu in an zartar a nan da abin da jira ya kai, a ɗauki mafi tsoka. In aka iso gindin bishiyar, an sami farashin yau. A 2001 Francis Longstaff da Schwartz suka ƙara wata hanya mai gwada dubban tafiye-tafiyen farashi. An ba Merton da Scholes lambar Nobel a 1997, bayan rasuwar Black a 1995, amma har yau babu wani taƙaitaccen lissafi guda da ke ba da cikakkiyar amsar haƙƙin sayarwa irin na Amurka.

Kasuwanni ma sun rabu a kan lamarin. A Amurka, zaɓin da ke kan hannun jarin kamfani ɗaya-ɗaya na Amurka ne har yau. Na ma'aunin farashin manyan kamfanoni 100, wanda aka fara a 1983, shi ma haka, amma na ma'aunin kamfanoni 500 na Turai ne. A zaɓin hannun jarin kamfani ɗaya-ɗaya, Indiya ta fara da salon Amurka a 2001, sannan ta koma na Turai a 2011.

Abin da mai karatu zai so ya sani

Yanzu da manhajojin waya ke kawo kasuwannin duniya tafin hannun matasanmu, tambayar halasci ba za ta ɓuya ba. Mai karatu zai ga kama tsakanin wannan ciniki da kafin alƙalamin da muka sani a kasuwar gidaje da filaye, amma akwai bambanci. Kafin alƙalami yana shiga cikin kuɗin kaya in ciniki ya faɗa, kuɗin zaɓi kuwa daban yake, kuma haƙƙin kansa ake ta saye da sayarwa. Ko kafin alƙalamin da ba a mayarwa in an fasa, malaman Malikiyya ba su yarda da shi ba, Hambaliyya ne suka halatta. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa zaɓi yadda ake cinikinsa a kasuwannin duniya bai halatta ba, domin abin da ake sayarwa ba dukiya ba ne, ba kuma amfanin wata dukiya ba. A 1993, a Burunai, ta halatta cinikin kafin alƙalami da sharaɗin a ƙayyade lokacin jira. Wanda wani ya tallata masa wannan ciniki ya kamata ya san hukuncin nan, ya kuma san cewa haƙƙin da wa'adinsa ya cika farashi bai kai ba, takarda ce da ba ta da ko kwabo.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan tarihi shi ne inda masana suka tsaya bayan dogon lissafi. Ƙofar da aka bar wa mutum a buɗe tana da daraja ne muddin bai fita ba, kuma fita ba ta zama daidai sai abin da ke waje ya fi abin da zaman ya rage masa. Har yau, kowace yamma bayan an tashi kasuwa a Amurka, masu riƙe da haƙƙi na da ɗan lokaci su sanar da dillalansu. Cikin dare OCC ta tattara sanarwar, ta rarraba ta da ƙuri'a ga gidajen dillanci, su kuma su ɗora wa abokan cinikinsu da suka sayar da irin haƙƙin. Wani zai kwana da kuɗin da ya karɓa, ya wayi gari an kwashe hannun jarinsa, ko an jibge masa na wani a kan tsohon farashi kamar yadda aka yi wa Sage a 1884. Wani kuma zai duba allo ya ga 10 a hannun dama, 13 a hannun hagu, ya rufe littafinsa ya bar wa gobe.